Amsoshin Tambayoyinku: An Ce Gasa Kaɗan Ce, Amma Shafina Ya Ƙi Fitowa a Google

TAMBAYA: Ni mai sana'ar turaren wuta da humra ce a Kano, sana'ar da na gada wajen mahaifiyata. Bara ɗan yayata da ya karanci kwamfuta ya buɗe mini shafi a intanet don masu neman kaya irin nawa su riƙa ganina a Google. Ya duba wata manhajar Google mai suna Keyword Planner, ya ce kalmomin "bakhoor" da "incense" suna da masu nema da yawa, kuma manhajar ta nuna gasa a kansu kaɗan ce. A kansu muka gina shafin. Yau wata takwas ke nan, in na rubuta kalmomin sai in yi ta gangarawa har in gaji ban ga sunana ba. Shin manhajar ce ta yi mana ƙarya, ko yaron ne bai iya ba? Kuma ta yaya mutum zai gane kalmar da zai iya gasa a kanta tun kafin ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa? Daga wata mai karatu, Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Bari in fara da wanke ɗan naki, don kada ya sha faɗan da bai ci ba. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ganganci ba. Tambayar da ke ransa daban, wadda manhajar ta amsa daban, kuma manyan masu sana'ar ɗaga shafuka a Google ma sun taɓa faɗawa wannan ramin a farkon koyonsu.

Keyword Planner an gina ta ne don masu biyan kuɗin talla a Google Ads. Duk lokacin da mutum ya rubuta kalma a Google, akwai wani gwanjo da ake yi cikin ƙiftawar ido tsakanin 'yan kasuwar da ke son tallarsu ta fito a saman shafi. Gurbin nan da ɗanki ya gani an rubuta gasa a kansa, mai nuna kaɗan ko matsakaiciya ko mai yawa, yawan masu shiga wannan gwanjon yake aunawa. Bai san komai ba game da sakamakon kyauta da ke ƙasan tallace-tallacen, wanda shi ne wurin da kike son sunanki ya fito. Ɗauki misalin "tarihin Sarauniya Amina". Ba kayan sayarwa ba ne, don haka da wuya a samu mai biyan kuɗin talla a kai, manhajar kuwa za ta ce gasa kaɗan ce. Amma duk wanda ya rubuta sabon shafi a kan Amina ta Zazzau zai tarar Wikipedia da manyan kafofin labarai sun riga shi shimfiɗa tabarma. Abin ya yi kama da mutumin da ya tambayi mai allon talla na bakin titi mutum nawa ke hayar allonsa, ya ɗauki amsar a matsayin yawan masu shago a Kantin Kwari.

To mene ne gasar ta gaskiya? Shafin farko na Google kujeru ne kamar goma. Daga cikinsu ma sai an cire wurin talla, da jerin bidiyo, da taswira, da akwatin tambayoyin da mutane ke yawan yi, da kuma taƙaitaccen bayanin da Google ya fara sa wa a sama da ƙirƙirarriyar basira tun 2024. Abin da ya rage shi ake rububi. Kuma mafi yawan masu bincike ba sa wuce shafin farko, musamman a waya, inda data ke tafiya kuma haƙuri gajere ne. Saboda haka abokan gasarki ba miliyoyin shafukan da Google ke cewa ya samo ba ne. Wannan lambar ta miliyoyi tana tsorata mutane a banza, alhali duk shafin da kalmar ta gitta a cikinsa ko sau ɗaya yana iya shiga lissafin. Abokan gasarki su ne waɗannan goman da ke zaune a kan kujerun yanzu. Tambayar da za ki yi wa kowace kalma ita ce: a cikin goman nan, akwai wanda zan iya tayarwa?

Akwai kamfanonin da ke sayar da amsar wannan tambaya a lamba ɗaya. Ahrefs da Semrush da Moz kowanne yana ba kalma maki daga ƙasa zuwa 100, a matsayin wahalar hawa kanta. Yana da kyau ki san daga inda lambar take fitowa. Tun lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da ta bambanta su da sauran injunan bincike ita ce PageRank: idan wani shafi ya saka mahaɗi, wato abin da yara ke kira linki, zuwa shafinki, tamkar ya yi miki shaida ne, kuma shaidar babban gida ta fi ta ƙaramin gida nauyi. A kan wannan tunanin Ahrefs ta gina makinta: tana duba shafuka goman farko, ta ƙirga gidajen yanar gizo nawa ne suka saka mahaɗi zuwa kowannensu. Moz kuma tana da wani ma'auni da take auna ƙarfin gida gaba ɗaya. Duk waɗannan ƙiyasin kamfanonin ne. Google ba ya amfani da makinsu, ma'aikatansa sun sha faɗin haka, kuma tun 2016 ya daina nuna wa jama'a lambar PageRank ɗinsa.

Ba na cewa makin ba shi da amfani. Wanda ke da kalmomi 500 na Turanci a gabansa, makin zai taimaka masa ya tace, ya zubar da waɗanda babu ko alamar shiga. Amma ga mai sana'a irin taki yana da makanta guda biyu. Ta farko, galibi mahaɗai yake ƙirgawa, bai karanta shafin ba, bai san ko abin da aka rubuta yana da kyau ko shirme ba ne. Ta biyu, kuma ita ce ta fi damuna, waɗannan manhajoji ba su san Hausa sosai ba. Bayanan da suke tarawa sun fi yawa a Turanci da manyan harsunan Turai. Ki rubuta musu jimlar Hausa da ke da tabbacin mata na nema kullum, sau da yawa sai su ce babu bayani, ko su nuna sifili. Ita kanta Keyword Planner, ga wanda ba ya kashe kuɗin talla, ba ta ba da ainihin adadi, sai dai ta ce tsakanin 10 da 100, ko tsakanin 100 da 1,000. Mutum ya ga sifili sai ya ɗauka babu kasuwa, alhali ma'aunin ne bai kai wurin ba. Ga kuma kuɗin rajistar Ahrefs da Semrush da Moz da dala ake biya duk wata. Ni ban ga dalilin da zai sa ki biya ba a wannan matakin.

Gani ya kori ji. Ɗauko wayarki, ki kira ɗan naki ya zauna kusa da ke, ku yi aikin tare. Buɗe Chrome, ki shiga tagar sirri da ake kira Incognito, don kada binciken da kika saba yi ya rinjayi abin da za a nuna miki. Tagar ba ta ɓoye garin da kike, kuma hakan daidai ne, tunda masu sayenki ma a nan suke. Rubuta "bakhoor". Kada ki nemi sunanki, ki kalli waɗanda suka fito. Kalmar ta Larabci ce da ta shiga kasuwar duniya, saboda haka irin waɗanda ake tararwa a kanta su ne manyan kantunan intanet da kamfanonin turare na ƙasashen Larabawa da Ingila, masu shekaru a harkar, masu ma'aikatan da ba su da aikin yi sai kula da shafi. Sabon shafi ɗan wata takwas ba zai tayar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko da ma ya tayar, mai rubuta "incense" yana iya zama ɗalibi mai neman ma'anar kalmar, ko mai neman turaren tsinke na Indiya, ko wani a Landan da ba za ki iya kai masa kaya ba.

Yanzu goge, ki rubuta abin da wata mata a Gwale ko Tarauni za ta rubuta da yatsanta: "turaren wuta na amare Kano". Ki bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya, ki buɗe kowanne, kada ki tsaya ga kanunsa. Abin da za ki fara dubawa shi ne wane ne mai shafin. Idan kika ga rubutun Facebook, ko hoton Instagram, ko tallar wani a Jiji mai layi biyu da lambar waya, ko bidiyon YouTube da aka ɗora shekara huɗu da suka wuce, to ki yi murna. Sau da yawa Google ba ya saka irin waɗannan a gaba sai in ya rasa cikakken shafin da ya amsa tambayar. Kujerar tana nan, ɗan riƙo ne kawai a kanta. Sannan ki duba kanun shafin: kalmomin da kika rubuta suna ciki, ko dai shafin a kan wani abu yake magana, kalmar ta faɗo ne kawai a tsakiya? Shafin da ya fito bisa tsautsayi ya fi sauƙin turewa a kan wanda aka gina musamman don kalmar.

Daga nan sai karatu, kuma a nan ne kika fi kowace manhaja ido. Ke ce kika san bambancin icen hawi da na sandal, kika san yadda turare ke yi in sukari ya yi masa yawa, da dalilin da wani ke kama tufafi kwana uku wani kuma ya tashi da hayaƙinsa. Idan kika karanta shafin da ke lamba ta biyu kika ga wanda ya rubuta bai taɓa riƙe kasko ba, ko kika ga Hausar inji ce da aka juyo daga Turanci, jimlolin suna tafiya a karkace, ko farashin da aka sa na shekarun baya ne, ko babu hoto sai wanda aka ɗebo daga wani wuri, duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe. Ki riƙe takarda, kowace kalma ki rubuta raunana nawa kika gani a cikin goman. Ni a nawa aikin, in na samu uku ko fiye, nakan shiga. In duka goman ƙarfafa ne, kuma kowanne ya amsa tambayar yadda ya kamata, nakan bar musu in nemi wata ƙofar. Wannan ƙa'idata ce da na saba da ita, ba dokar Google ba.

Akwai wata 'yar dabara da ɗanki zai ji daɗinta. A rubuta allintitle: a gaban kalmomin, ba tare da tazara ba, sai Google ya nuna shafukan da duk kalmomin ke cikin kanunsu kaɗai. Lissafin ba ya cika daidai, amma yana nuna bambanci tsakanin kalmar da dubban mutane suka nufa da gangan da wadda mutum biyar suka taɓa.

Sai dai sauƙin kalma kaɗai ba ya isa a zaɓe ta, kuma ina so ki tsaya a nan sosai. Kowace kalma da niyyar da ke bayanta. Mai rubuta "yadda ake haɗa turaren wuta" so take ta koya, wataƙila ma ta zama abokiyar gasarki gobe. Mai rubuta "farashin humra" ta kusa saye, tana auna aljihunta ne. Mai rubuta "inda ake sayar da turaren wuta a Kano" kuwa ta riga ta yafa mayafi. Google ya daɗe yana koyon gane wannan bambanci, tun sauyin da ya yi a 2013 mai suna Hummingbird, da na 2019 mai suna BERT, waɗanda suka sa ya fi kula da ma'anar jimla gaba ɗaya. Hanyar gane niyyar da ya fahimta ita ce irin shafukan da ya jera. In kin ga duk bidiyon koyarwa ne, ya yanke cewa masu wannan kalmar koyo suke so, kuma shafin sayar da kaya ba zai shiga ba komai kyansa. In kin ga duk shafukan kaya da farashi ne, dogon bayani a kan tarihin turare ba zai samu wuri ba. Mutum na iya zaɓar kalma mai sauƙi, ya kawo mata shafin da ba irin nata ba, ya yi ta mamakin shiru.

Ban ce ki guji kalmomin koyo ba. Idan kina koyar da sana'ar, ko kina sayar da kayan haɗi, su ne ma kasuwarki. Ko ba haka ba, matar da ta karanta bayaninki ta ga kin san abin da kike yi, ranar da bikin ƙanwarta ya taso ke za ta tuna. Abin da nake so kawai ki san me kike tsammani daga kowane shafi, kada ki ƙirga baƙi ki ɗauka masu saye ne.

Ina za ki samo kalmomin? Suna cikin wayarki tun tuni. Ki buɗe WhatsApp ki bi saƙonnin masu saye na wata uku. "Hajiya, wane turare ne ba ya baƙanta labule?" "Set ɗin amarya nawa ne?" "Akwai wanda za a sa a bona na lantarki ba sai da gawayi ba?" "Humra fara da baƙa wacce ta fi daɗewa a jiki?" "Kuna aikawa Abuja?" Duk tambayar da mutum uku suka yi miki, akwai waɗanda ba su san ki ba da suka yi wa Google ita. Irin waɗannan dogayen jimloli masu sana'ar ɗaga shafuka ke kira doguwar jela, sunan da ya bazu daga wata maƙala da Chris Anderson ya rubuta a mujallar Wired a 2004. Kowace ɗaya masu nemanta kaɗan ne, amma in aka tara su sai su yi yawa, kuma manyan kamfanoni ba sa sunkuyawa su tsince su. Google da kansa ya faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi masa kullum sababbi ne da bai taɓa gani ba. Babu manhajar da za ta ba ki makin kalmar da ba a taɓa rubutawa ba, amma mai zama da masu saye tana jin ta tun kafin a rubuta. Ki kuma lura da abin da Google ke cikasa miki yayin da kika fara rubutu, da jerin binciken da yake kawowa a ƙasan shafi. Daga abin da mutane ke nema suke fitowa, kuma kyauta ne. Google Trends ma zai nuna miki lokutan da neman wata kalma ke tashi, in tana da isassun masu nema. Sai dai ke kin riga kin san kasuwarki na motsawa gab da sallah da lokacin bukukuwa, don haka shafin da kike son ya yi aiki a lokacin, a rubuta shi watanni kafin nan.

Hausa tana da wani al'amari nata da ya kamata a auna. Kalma ɗaya ana rubuta ta hanyoyi da yawa. Mafi yawan mutane ba sa saka lanƙwasa a waya, "hada" suke rubutawa ba "haɗa" ba, "kamshi" ba "ƙamshi" ba. Wata ta rubuta humra, wata khumra, wata humrah. Wasu sukan gauraya, su rubuta "turaren wuta price in Kano", 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma su gauraya da Faransanci. Ki gwada kowane salo daban, domin sau da yawa sakamakon ba ɗaya ba ne, kuma ana iya samun cunkoso a wani salon, wani kuma fili fetal. A shafinki ki rubuta Hausa daidai da lanƙwasarta, don mutuncinki da na harshen, sannan ki bar sauran salon su shigo inda ya dace, misali a ambaci cewa wasu na rubuta khumra. Kada a jera kalma ɗaya sau ashirin don a burge inji. Wannan tsohon yayi ne da yanzu yake jawo wa shafi baƙin jini, kuma tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya ko duba gurbin ɓoye da ake cusa kalmomi a cikinsa.

Gaskiyar da ke faranta mini rai ita ce, a Hausa filin yana da faɗi. Inda ake cunkoso shi ne labarai da siyasa da ƙwallo da Kannywood, domin a can BBC Hausa da Aminiya da RFI da DW da Legit suke, da ma'aikata masu rubutu dare da rana. Amma sana'o'in hannu, da girki, da kiwo, da gyaran kaya, abubuwan da mutanenmu suka fi kowa sani, yawancin iliminsu yana cikin bidiyo da saƙon murya, ba a rubuta shi ba. Ina jin takaicin ganin masu sana'a suna barin wannan fili suna tafiya kokawa da kamfanonin Dubai a kan kalmar Turanci.

Wuri ɗaya zan ja kunnenki a kansa. Za ki ga kalmomi irin su turaren tsugunno da maganin sanyi suna da masu nema, kuma shafukan da ke kansu raunana ne, sai ki ji kwaɗayin shiga. Google yana tsaurara ma'auni a kan duk abin da ya shafi lafiyar mutum ko dukiyarsa, yana fifita asibitoci da hukumomi da ƙwararru. Baya ga haka ma, amana ce. Ki sayar da ƙamshi a matsayin ƙamshi, kada shafinki ya yi alƙawarin warkar da cutar da likita ya kamata ya duba.

Akwai kuma gasar da ba ta shafi gidan yanar gizonki ba sam. In mutum ya haɗa da sunan gari, ko ya nemi abu kusa da shi, Google yakan fito da taswira da shaguna uku a sama. Waɗannan daga Google Business Profile suke fitowa, rajistarsa kyauta ce, kuma Google ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa: dacewar sana'ar da abin da aka nema, kusanci da mai nema, da kuma shahara, wadda ra'ayoyin masu saye ke cikinta. A nan abokan gasarki masu turaren unguwarku ne, ba na duniya ba. Ki duba mutum nawa ne a taswirar, ra'ayi nawa kowanne ya tara, yaushe ya saka hoto na ƙarshe. In kina da shago ko wurin da ake zuwa karɓar kaya, wannan na iya riga shafin kawo miki kira.

Zan ba ki labarin wani abokina mai kilishi, don na san irin shawarar da za a kawo miki in aka ji shafinki ya yi shiru. Wani matashi ya same shi ya ce zai kai shi shafin farko cikin wata ɗaya, ya karɓi kuɗi. Ranar da abokin nawa ya kira ni, muka zauna a bencin shagonsa, ƙamshin yaji na tashi daga tire, na buɗe jerin mahaɗan da aka saya masa. Ɗaruruwa ne, daga gidajen caca da wasu shafuka cikin harsunan da ni da shi ba mu iya karantawa ba, babu ko ɗaya da ya shafi nama ko abinci. Ya riƙe wayar ya yi shiru, can ya ce kuɗin da ya bayar na cinikin mako biyu ne. Tun 2012, da sauyin da ake kira Penguin, Google yake farautar irin waɗannan mahaɗai. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ya yi watsi da su, kuɗi ya tafi a banza, in abin ya yi muni kuma shafin ya nutse. Matashin ya ga makin wahala ya ce mahaɗai ake buƙata, ya tafi ya sayo. Da ya buɗe shafin farko ya karanta, da ya ga babu wanda ya rubuta yadda ake aika kilishi zuwa Legas ba tare da ya lalace ba, tambayar da ake yi wa abokina kusan kullum. Mahaɗi mai amfani shi ne wanda ya zo ta hanyar mu'amala ta gaskiya: mai kwalliyar amare da kuke aiki tare ta ambace ki a shafinta, ko jarida ta yi hira da ke.

Wata takwas ɗin da kika yi ma ba su tafi a banza ba. Ki ce wa ɗanki ya haɗa shafin da Google Search Console, in bai riga ya yi ba. Kyauta ce, kuma ita ce ke ba da bayanin shafinki daga bakin Google kansa: kalmomin da aka rubuta shafinki ya bayyana, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka danna, da matsayin da yake zama. Da farko ku tabbatar Google ya ma shigar da shafukan cikin rumbunsa, don wani lokaci matsalar ke nan ba gasa ba. Sannan ku nemi kalmomin da kike tsakanin matsayi na 8 da na 20. Waɗannan Google ya riga ya ga kin dace da su, ɗan ƙari suke jira. Sau da yawa za ki tarar kalmomi ne da ba ki taɓa nufa ba, kuma sun fi waɗanda kika nufa kusa da masu sayenki. Ki buɗe shafin farko na kowacce, ki yi mata irin karatun da muka yi ɗazu, ki ga abin da na sama suka faɗa da abin da suka bari.

Shafin "bakhoor" kada a goge shi. A bar shi, a gyara kanunsa ya haɗa da turaren wuta da Kano, ya zama ƙofar masu nema da Turanci daga Abuja da Legas. Daga nan ki zaɓi tambayoyi biyar daga WhatsApp ɗinki waɗanda kika ga raunana a shafinsu na farko. Kowace tambaya shafinta daban, da Hausarki, da hoton kayanki a kan teburinki, da farashin yau, da yadda ake aikawa. In rubutu na yi miki nauyi, ki yi bayanin da baki kamar yadda kike yi wa mai saye, ɗanki ya rubuta, ke kuma ki karanta ki gyara. Shafi ɗaya a mako ya isa. Sabon shafi yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya zauna a matsayinsa, don haka ki ba su wata uku kafin ki sake buɗe Search Console. In kin buɗe, ki rubuto mana kalmomin da kika gani da matsayinsu, mu duba tare wacce za a bi gaba. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.